Yadda Malami Zai Koya wa Ɗalibai Tattalin Kuɗi, Mataki-Mataki

Yaro zai iya gama sakandare yana kawo sunayen ƙasusuwan jikin mutum da ka, yana warware aljabara, amma a ajiye masa takardar rance a ce ya faɗi nawa zai biya a ƙarshe, sai ya hau susar kai. Ba laifinsa ba ne, babu wanda ya taɓa zaunar da shi a kan maganar. Manyan ma ba su tsira ba. A 2014 kamfanin Standard & Poor's, tare da Gallup da Bankin Duniya, ya yi wa manya sama da 150,000 a ƙasashe fiye da 140 tambayoyi kan kuɗin ruwa, hauhawar farashi da rarraba jari. Mutum ɗaya cikin uku ne kawai ya haye.

To, idan aka sa darasin a makaranta, yana magani? Masana sun daɗe suna ja-in-ja. Wani nazari da Fernandes da Lynch da Netemeyer suka fitar a 2014 ya tattara binciken da aka yi a baya, ya nuna cewa tasirin darasin a halayyar mutane ƙanƙani ne, kuma yana dusashewa da tafiyar lokaci. A 2022 kuma Kaiser da Lusardi da Menkhoff da Urban suka duba gwaje-gwaje 76 da suka shafi mutane sama da 160,000, suka ga darasin yana ƙara sani, yana kuma gyara hali. A ganina ɓangarorin biyu ba su yi karo ba. Darasin da aka yi da shifta, aka haddace don jarrabawa, shi ne mai gushewa. Wanda ɗalibi ya yi da hannunsa, a kan shawarar da zai yanke kwanan nan, yana zama. Duk matakan da ke tafe a kan wannan aka ɗora su.

Lambobin da za su zo a misalai ba kuɗin wata ƙasa ba ne. Ka sa musu sunan kuɗin da ɗalibanka suke riƙewa, ka ƙara ko ka rage sifiri yadda zai dace.

Mataki na farko: ka san abin da ke aljihunsu

Kafin ka taɓa alli, raba 'yan takardu, ka ce kada kowa ya rubuta sunansa. Tambayoyin gajeru ne. Kuɗi na shigowa hannunka? Daga gida ne, ko kyauta, ko wani aiki kake yi bayan an tashi? Kana ajiya, kuma a ina? Ka taɓa cin bashi ko ba da bashi? Kana tura kuɗi ta waya? Akwai abin da kake burin saya?

A bayan takardar ka sa tambayoyi uku irin waɗanda Annamaria Lusardi da Olivia Mitchell suka tsara a 2004, waɗanda har yanzu ake auna mutane da su a ƙasashe da dama. Ta farko: an ajiye 100, ana ƙara kashi 2 cikin ɗari duk shekara, bayan shekara biyar kuɗin sun wuce 102, ko daidai suke, ko ba su kai ba? Ta biyu: ajiyarka na ƙaruwa da kashi 1, farashin kaya na hawa da kashi 2, baɗi za ka sayi fiye da na bana ko ƙasa da shi? Ta uku: zuba jari a kamfani ɗaya ya fi aminci, ko rarraba shi a kamfanoni da yawa? Ka adana amsoshin, za su yi maka amfani a ƙarshen zango.

Hana rubuta suna yana da dalili, kuma dalilin zai bi ka har ƙarshen darussan. A aji ɗaya akwai wanda ake ba kuɗin kashewa kullum, akwai wanda bai taɓa riƙe nasa na kansa ba, akwai wanda shi ke taimaka wa gidansu da abin da ya samo. Ranar da ka ce kowa ya tashi ya faɗi nawa ake ba shi, ko nawa mahaifinsa ke samu, ka rasa rabin ajin, kuma rabin da ya fi bukatar darasin. Duk abin da za a tattauna a fili, a yi shi da kuɗin mutumin da aka ƙirƙira. Na gaskiya ya tsaya tsakanin ɗalibi da littafinsa.

Mataki na biyu: zaɓi kaɗan, ka daidaita da shekaru

Kuskuren da malamai suka fi faɗawa shi ne son cusa komai: tarihin kuɗi, nau'o'in banki, ayyukan babban banki, kasuwar hannun jari. Yawancin wannan darasin tattalin arziki ne, yana da muhallinsa. Abin da kake nema shi ne abin da yaro zai yi da kuɗin da suka shigo hannunsa.

Wani gwaji da aka yi da masu ƙananan sana'o'i a Jamhuriyar Dominikan ya haska wannan. An koya wa wasu ƙa'idojin akanta yadda aka saba, wasu kuma aka ba su 'yan dokoki masu sauƙi, irin su a raba kuɗin sana'a da na gida, kowanne da ma'ajiyarsa. Masu sauƙaƙan dokokin sun fi gyara yadda suke tafiyar da kuɗinsu, musamman waɗanda saninsu bai yi zurfi ba. Idan manya haka suke, ina ga yara.

A firamare abubuwa uku sun isa: ƙirga kuɗi da canji, bambanta bukata da sha'awa, da haƙurin jira. Wani rahoto da masana a Jami'ar Kambirij suka rubuta a 2013 ya nuna cewa tushen ɗabi'un da suka shafi kuɗi yana kafuwa tun yaro na wajen shekara bakwai, don haka kada a raina wannan matakin. A ƙaramar sakandare sai a shiga rubuta shiga da fita, kasafi, ajiya mai manufa, kwatanta farashi da lissafin kashi cikin ɗari. A babbar sakandare, inda yaro ya kusa fita duniya, a nan ake ɗora masu nauyi: bashi, kuɗin ruwa, asusun banki, takardar albashi da haraji, inshora, karanta yarjejeniya, da damfara.

Mataki na uku: nemo wa darasin gurbi

Jadawalin makaranta kullum a cike yake, shugaban makaranta kuma tambayarsa ta farko ita ce wane darasi za a ɗauke. Hanya uku ake bi. Akwai mayar da shi darasi mai zaman kansa, kamar yadda jihar Yuta ta Amurka ta yi, inda tun daga masu fita a 2008 sai ɗalibi ya ci kwas ɗin kafin ya karɓi shaidar kammalawa. Akwai saka shi cikin darussan da ake da su, kamar yadda Ingila ta yi a 2014 da ta raba shi tsakanin lissafi da darasin zama ɗan ƙasa. Akwai kuma kulob na bayan tashi, irin na shirin Aflatoun da ya samo asali a Indiya ya bazu ƙasashe da yawa.

Malami ɗaya ba shi da ikon hanya ta farko. Ta uku kuma masu sha'awa kaɗai take jawowa, su ne kuwa suka fi ƙarancin bukata. Ni na fi karkata ga ta biyu, da sharaɗi ɗaya: a samu mutum guda da sunansa wanda alhakin ke wuyansa. Idan aka ce kowane malami ya ɗan taɓa, ba wanda zai taɓa. Darasi ɗaya a mako na tsawon zango, a cikin lokacin lissafi, ya isa a fara. Makon Kuɗi na Duniya, wanda aka fara a 2012 kuma ƙungiyar OECD ta haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki ke shirya shi duk watan Maris, yana da kyau don buɗe shiri, amma taron mako ɗaya ba ya maye gurbin zango.

Mataki na huɗu: littafin shiga da fita

Wannan shi ne ginshiƙi, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Kowane ɗalibi ya ware shafi, ya ja layi huɗu: rana, bayani, abin da ya shigo, abin da ya fita. A ƙasan shafi ragowa. Duk sisin da ya ratsa hannunsa na mako biyu ya rubuta, komai ƙanƙantarsa, a ranar da abin ya faru. Wanda ba ya riƙe kuɗi sam, ka ba kowa zaɓin ya rubuta na aiken da ake yi masa, ko ya yi aiki da shafin misali da ka shirya. Ka ba da zaɓin ga aji duka, yadda ba za a gane wa ya ɗauki wanne ba.

Kafin su fara, kowa ya rubuta hasashensa a saman shafi: nawa yake jin yana kashewa a mako, kuma a kan me. Bayan mako biyu ya haɗa jimla ya kwatanta. Tazarar da ke tsakanin hasashe da gaskiya ita ce darasin. Yaron da ya rantse ba ya ɓarnar kuɗi zai ga cewa ƙananan saye-sayen da bai ɗauke su komai ba sun cinye kaso mafi tsoka. Ba sai ka yi masa wa'azi ba, rubutun hannunsa ne.

Daga nan sai su sa alama a gefen kowane layi, bukata ko sha'awa. Za a yi gardama, kuma gardamar ake so. Datar waya bukata ce ko sha'awa? Wani zai ce da ita yake binciken aikin gida, wata ta ce kashi nawa na datar ke tafiya a binciken? Kada ka yanke musu hukunci. Ka bar su su gano cewa abu ɗaya kan zama bukata har wani mizani, abin da ya haura kuma sha'awa ce. Kuma kada ka mayar da sha'awa laifi. Kasafin da bai bar wa mutum ɗan abin jin daɗi ba, ba ya kai ƙarshen wata.

Idan ka zo dubawa, ka duba ko an cike kwanaki kuma lissafi ya daidaita. Abin da yaro ya saya ba huruminka ba ne.

Mataki na biyar: kasafi, a yi shi kamar wasa

Raba ajin rukuni-rukuni, biyar-biyar. Kowane rukuni ka ba shi kati mai bayanin wani mutum: matashiya ce da ta fara aiki, albashinta 100,000 a takarda, bayan an cire haraji da fansho 88,000 ke shiga hannunta. Tun a nan wani zai ɗaga hannu ya ce ina sauran 12,000? Ga ƙofar bayanin takardar albashi ta buɗe da kanta. Sai jerin abubuwan da ke jiranta: haya, abinci, sufuri, wuta da ruwa, waya, tufafi, taimakon gida, ajiya. Ka ba su wake ko 'yan duwatsu 88, kowane ɗaya dubu, su rarraba a kan takarda.

Idan sun gama suna murna, sai ka zagaya da katunan ba-zata a kife, kowane rukuni ya zari ɗaya. Waya ta faɗi ta fashe, gyara 9,000. Rashin lafiya, magani 15,000. An ƙara kuɗin mota. Ko kuma an samu kyautar 5,000, don ba kullum ba-zata ke zuwa da sharri ba. Rukunin da ya ware ajiya zai biya ya wuce. Wanda ya rarraba duwatsunsa kaf zai tsaya yana neman inda zai zare, daga abinci ko daga haya, ko ya ci bashi. Ka bar musu ƙofar bashin a buɗe, amma ka gaya musu a zagaye na biyu za su fara wata da ragin abin da suka ranta da ƙari a kai. Wasa uku a jere, wato wata uku, ya isa kowa ya ga yadda ɗan ƙaramin rami ke faɗaɗa.

Bayan wasan kowa ya koma littafinsa ya tsara nasa kasafin na mako mai zuwa, da alƙaluman da ya tattara a mataki na huɗu. Akwai ƙa'idojin rabo da ake yawan ambata, kamar rabi ga bukata, kashi 30 ga sha'awa, kashi 20 ga ajiya. Ka nuna musu a matsayin misali kawai. Gidan da bukata ke cinye kashi 90 na abin da ke shigowa ba gazawar tsari ce ke damunsa ba, kuma yaran da suka fito daga irin wannan gida suna zaune a gabanka.

Mataki na shida: ajiya mai suna da rana

"Ku riƙa ajiya" ba darasi ba ne. Kowane ɗalibi ya rubuta abin da yake tara wa kuɗi, nawa ne, zuwa yaushe, sai ya raba da yawan makonni. Abu na 6,000 cikin mako 12 yana nufin 500 duk mako. Idan 500 ta fi ƙarfinsa, ya ƙara makonni ko ya sauya buri. Doka ɗaya za ka dasa: ana cire ajiya ne lokacin da kuɗi suka shigo, ba a jira a ga abin da ya rage.

Wasu makarantu na buɗe asusun ajiya na ɗalibai. Yana da amfani, amma kuɗin yara amana ce mai nauyi. Idan za a yi, sai da izinin iyaye a rubuce, kowane yaro da katinsa da ake sa hannu duk zubi, mutum biyu ke riƙe lissafi, kuɗin kuma kada su kwana a aljihun malami ko a durowar ofis. Idan ba za a iya cika waɗannan ba, a bar kowa da asusunsa a gida. Yana da kyau ka san abin da wani gwaji a makarantu 135 a Gana ya gano: yara sun ƙara ajiya a makaranta, amma jimlar ajiyarsu ba ta ƙaru a zo a gani ba, alamar cewa da yawa sauya wa kuɗin wuri kawai suka yi. Cikar akwatin makaranta ba ita ce shaidar nasara ba.

Mataki na bakwai: bashi da kuɗin ruwa

A nan ya kamata ka fi daɗewa, don a nan mutane suka fi halaka. Fara da ɓangaren ajiya, su yi lissafin da hannu, layi-layi. An ajiye 10,000 da ƙarin kashi 10 a shekara. Shekarar farko 11,000. Ta biyu, yawancin ajin za su ce 12,000. Amsar 12,100 ce, domin ƙarin bara shi ma ya haihu. Ta uku 13,310. Su ci gaba har su ga kuɗin sun ninka tsakanin shekara ta bakwai da ta takwas. Sai ka ba su gajeriyar hanya: a raba 72 da adadin kashin, a samu kimanin shekarun da kuɗi za su ninka. Kashi 10, shekara bakwai da 'yan kai. Kashi 6, shekara 12.

Yanzu juya allon. Lissafin nan dai shi ne ke aiki a kan mai bashi. Rancen 10,000 da ruwan kashi 5 a wata, ba a biya komai ba har shekara, ya zama kusan 17,960. Kashi 5 a kunne kamar ba komai. Shi ya sa za ka koya musu tambaya ta farko da ake yi wa kowane mai ba da rance: kashi nawa, a wane tsawon lokaci? Manhajar waya da ta ce ka karɓi 10,000 ka mayar da 11,500 bayan kwana 30 tana cajin kashi 15 a wata, wato kashi 180 a shekara ko ba a ɗora ruwa kan ruwa ba. Tambaya ta biyu: jimla nawa zan biya, har da kuɗin fom da tarar jinkiri? Ta uku: idan na kasa biya, me zai faru?

Saye da biya kaɗan-kaɗan yana bukatar darasinsa daban. Kaya 60,000 ne idan an biya nan take, ko 6,500 duk wata har wata 12. Su ninka: 78,000. Ƙarin 18,000 shi ne kuɗin rashin jira. Dalilin da ya sa na matsa a kan wannan shi ne abin da ya faru a Birazil, inda aka gwada darasin kuɗi a makarantun sakandare kusan 900 da ɗalibai wajen 25,000 tsakanin 2010 da 2011. Sani ya ƙaru, ajiya da tsara kasafi sun ƙaru, amma an kuma ga ɗaliban sun ƙara sayen kaya da bashi mai tsada. Nuna wa yaro cewa akwai ƙofa ba tare da nuna masa kuɗin shigarta ba yana iya tura shi ciki.

A ajinka za a iya samun waɗanda addininsu ya hana mu'amala da ruwa. Ka girmama wannan, ka kuma bayyana cewa sanin yadda ake lissafa abu shi ke sa a gane shi idan ya zo da wani suna. Ka nuna musu cewa akwai bankunan da ba sa aiki da ruwa, masu bin tsarin saye da sayarwa da riba sananniya, ko haɗin jari da raba riba da asara. Su ma tambayar jimla nawa zan biya tana nan daram.

Kada a manta da bashin tsakanin abokai, wanda shi ne yaran suka riga suka sani. A rubuta, a sa rana, kuma kada a ba da abin da rashinsa zai raba zumunci.

Mataki na takwas: hauhawar farashi da kasada

Darasi ɗaya ya ishi kowanne. Ajiyar 10,000 ta zama 10,800 bayan shekara, amma kayan da ake saya 10,000 sun koma 12,000. Lamba ta ƙaru, abin da za ta saya ya ragu da kashi 10. Aikin gida: kowa ya tambayi wani babba a gida farashin abu ɗaya shekara biyar da suka wuce, ya lissafa kashin hawansa.

Inshora kuma da wasa ake gane ta. Aji mai mutum 40, kowa da maki 100. Za a yi ƙuri'a, mutum biyu za su yi asarar 80. Wanda ya so ya zuba 5 a tukunya tun kafin ƙuri'a, idan ta faɗa kansa a biya shi. Idan kowa ya zuba an tara 200, asarar kuma 160 ce. Sai ka tambaye su: idan mutum goma kawai suka zuba fa? Daga nan maganar rarraba jari ta zo da sauƙi.

Mataki na tara: damfara

Yaro mai waya ya riga ya shiga kasuwar 'yan damfara, ko an koya masa ko ba a koya ba. Ba su labarin Charles Ponzi, wanda a 1920 a birnin Boston ya yi alkawarin ribar kashi 50 cikin kwana 45, yana biyan na farko da kuɗin na baya har abin ya rushe. Sai a yi lissafin tsarin "kawo mutum shida", inda duk wanda ya shiga sai ya kawo wasu shida, a allo: 6, 36, 216, 1,296. A hawa na 13 ana bukatar mutane sama da biliyan 13, duniya kuwa gaba ɗaya a 2022 ta haura biliyan 8. Ko yaushe aka tsaya, mafi yawan waɗanda suka shiga suna hawan ƙarshe, su ne masu asara.

Tattaro saƙonnin damfara na gaske, ka goge lambobi da sunaye, ka raba wa rukunoni su zaƙulo alamomi. Za su same su da kansu: riba mai yawa ba kasada, gaggawa, a biya kafin a karɓa, kada ka gaya wa kowa, turo lambar sirri. Ka sa su yi kwaikwayo bibbiyu, ɗaya mai kira yana cewa daga banki yake, ɗaya mai amsawa. Abin da ake horarwa shi ne bakin yaro ya saba da cewa "zan kashe in kira bankin da kaina". Ka gargaɗe su kan ba wani aron asusunsu don a wuce da kuɗi a ba su lada, domin mai asusun doka ke fara kamawa. Cacar wasanni ta waya ma a nan take shiga: kamfanin ya tsara alƙalumansa yadda jimlar abin da yake biya ba za ta kai jimlar abin da yake karɓa ba.

Mataki na goma: iyaye da baƙi

Tun farkon zango ka aika wa iyaye 'yar takarda: ga abin da za a koyar, kuma ba za a tambayi sirrin gidan kowa ba. Ayyukan gida su zama masu jawo hira, kamar raka babba sayayya da jerin kaya a kwatanta farashi. A gwajin Birazil an ga sanin iyayen ma ya ƙaru ta irin wannan hanya.

Ma'aikacin banki ko na inshora zai iya zuwa ya yi bayani, amma ka gindaya masa sharaɗi: ba talla, ba raba fom, ba karɓar lambobin yara. Ɗalibai su shirya tambayoyi tun kafin ya zo, musamman kan cajin da ake cirewa a asusu. Littattafan kyauta masu tambarin kamfani kuma ka karanta su da idon basira kafin ka raba.

Malamin da ke jin shi ma aljihunsa ba a tsare yake ba, kada wannan ya hana shi. A wani gwaji da aka yi a makarantun sakandare 300 a Peru a 2016, malaman da suka koyar da darasin su ma an ga sun gyara yadda suke ajiya. Ka cike naka littafin shiga da fita tare da su.

Mataki na ƙarshe: aunawa

Jarrabawar "kawo ma'anar kasafi" ba ta auna komai sai hadda. Tun 2012 jarrabawar PISA ta ƙasa da ƙasa ke auna sanin kuɗi na 'yan shekara 15, kuma salonta abin koyi ne: a ba ɗalibi rasit, ko takardar albashi, ko tayin rance, a ce ya yanke shawara. Kai ma ka yi haka. Ba shi tayin rance biyu, ɗaya ruwansa kaɗan amma da kuɗin fom mai yawa, ɗaya akasin haka, ya zaɓa ya nuna lissafinsa. Ba shi bayanin asusu mai kuskure ɗaya ya nemo. Ba shi saƙo ya faɗi ko na damfara ne, da hujjarsa.

Raba makin gida uku: littafin shiga da fita, aikin rukuni, da wannan jarrabawar aiki. Kada ka ba da maki kan yawan abin da yaro ya tara, don wannan auna aljihun iyaye ne. Sai ka dawo da takardun ranar farko, ka sake yin tambayoyin nan uku, ka ƙirga bambancin aji gaba ɗaya. Inda amsoshi ba su motsa ba, nan za ka ƙara wa lokaci a zango mai zuwa. Ga 'yan ajin ƙarshe kuma, ka ware darasi biyu a makonnin dab da fita, a maimaita bashi, buɗe asusu da karanta yarjejeniya kafin sa hannu, domin cikin 'yan watanni za a miƙo musu waɗannan takardu da biro.